Tambayoyi da amsoshi kan jiri da hajijiya: yadda cikin kunne ke riƙe mutum a tsaye

Waɗannan tambayoyi ne da masu fama da jiri suka fi maimaitawa, su da masu jinyarsu. Na fara da yadda abin ke aiki in ana lafiya, don in ka gane wannan to sauran duk mai sauƙi ne. Ba dole sai ka bi su a jere ba, amma in jirin naka yau ya fara kuma da ƙarfi ya zo, dan Allah ka tsallaka zuwa tambayar alamomin haɗari tukuna.

Wai me ya haɗa kunne da tsayuwar mutum, ba ji ne kawai aikinsa ba?

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje har zuwa dodon kunne, akwai na tsakiya inda wasu 'yan ƙasusuwa uku suke, sai na ciki wanda yake binne can cikin ƙashin kai. Shi na cikin aiki biyu yake yi. Gefe ɗaya akwai katantanwar kunne, ita ce ta ji, ɗaya gefen kuma akwai bututu uku masu lanƙwasa da wasu 'yan jakunkuna biyu, su ba ruwansu da sauti, motsin kai suke aunawa. Kenan ma'auni 5 a kowane kunne, 10 gaba ɗaya. Ruwa ɗaya ne ke zagaya ɓangaren ji da na daidaito, kuma jijiya ɗaya ce ke kwasar saƙonsu zuwa ƙwaƙwalwa, jijiya ta 8 cikin jijiyoyin kai 12, shi ya sa wani ciwon yake haɗa maka jiri da toshewar ji lokaci guda.

An daɗe ana zaton bututun nan na gane inda sauti ya fito ne. A shekarun 1820 wani masani ɗan Faransa, Pierre Flourens, ya riƙa yanke su a jikin tantabaru, sai ya ga ba su kurumce ba amma kansu ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, suna ta wuntsilawa, kuma kowane bututu da irin wuntsilawar da yake jawowa. Sai wajen 1873 zuwa 1874 Ernst Mach da Josef Breuer da Alexander Crum Brown, kowa a nasa aikin, suka yi bayanin cewa motsin ruwan ciki ne sirrin.

To su bututun uku ya suke gane na juya kaina?

Ka zuba ruwa a kwano ka ɗora ɗan tsinke a kai, sai ka murɗa kwanon da sauri. Kwanon zai juya amma tsinken yana nan inda yake, saboda ruwan bai bi nan take ba. Haka abin yake a kunne. Kowane bututu zobe ne cike da wani ruwa da ake kira endolimf, siriri ne sosai faɗin cikinsa bai kai rabin milimita ba, kuma a gindinsa akwai wani ɗan kumburi wanda wani abu mai laushi da yauƙi ya tare shi daga bango zuwa bango, sunansa kufula. In ka juya kai, bututun ya tafi da ƙashin, ruwan ya yi jinkiri, sai ya danna kufula ta lanƙwasa, ita kuma a ƙarƙashinta akwai ƙwayoyin halitta masu jin lanƙwasar.

Dalilin zamansu uku kuwa, kowanne yana kwance ne ta fuskar da ta saɓa wa sauran biyun, don haka ko girgiza kai ka yi, ko gyaɗawa, ko ka karkatar da kunne wajen kafaɗa, dole a samu wanda ruwansa zai motsa, galibi ma fiye da ɗaya. Abu guda da nake so ka riƙe, nauyin kufula daidai yake da na ruwan da take ciki, ba ta nutsewa ba ta tasowa, shi ya sa kwanciya ko karkata kawai ba ya motsa ta. Ranar da wannan ya rikice ake shiga matsala, za ka gani a amsar jirin juyi a gado da kuma ta giya.

In mota ta figa ko lif ya tashi ai ba juyi ba ne, wa ke jin wannan?

'Yan jakunkunan nan biyu, yutirikil da sakul. A cikin kowacce akwai shimfiɗar ƙwayoyi masu gashi, a kansu wani abu mai yauƙi, a samansa kuma an barbaɗa wasu mitsi-mitsin duwatsu na sinadarin kalshiyam kabonet, dubbai, ido ba ya ganin ɗaya sai da madubin likita. Sun fi ruwan nauyi, don haka in ka karkata kai sai su zame su ja gashin, in mota ta figa su yi baya, in ta taka birki su yi gaba. Yutirikil a kwance take, ta fi jin gaba da baya da gefe, sakul a tsaye take, ta fi jin sama da ƙasa.

Su canjin gudu suke ji, ba gudun kansa ba, shi ya sa kana cikin jirgin sama yana tsala gudu amma kai ji kake a zaune kake cak. Kuma ba sa iya bambanta figa gaba da ɗaga kai sama, duk baya duwatsun ke zamewa. Matuƙin jirgi da ya tashi cikin duhu yana iya jin hancin jirgin ya ɗaga fiye da kima alhali gudu kawai ya ƙaru, in ya yarda da jikinsa ya danna hancin ƙasa to an samu matsala, dalilin kenan da ake horar da su su yarda da na'urorin gabansu. 'Yan sama jannati kuma tunda can duwatsun ba su da nauyin da za su kwanta, da yawansu kwanakin farko cikin tashin zuciya suke yinsu.

Ta yaya lanƙwasar gashi ke zama saƙon da ƙwaƙwalwa za ta gane?

Ba gashi ba ne irin na kai, wasu siraran tsinkaye ne a saman kowace ƙwaya, a jere daga gajere zuwa dogo. In aka tura su wajen dogon, wasu ƙananan ƙofofi suna buɗewa, sinadarin fotashiyam da ya cika ruwan endolimf ya kwarara ciki, ƙwayar ta zaburi jijiya. In aka tura su ɗaya gefen, ƙofofin su rufe, zaburar ta ragu.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne jijiyar ba ta yin shiru ko kana kwance ba motsi. A gwajin da aka yi kan birai an ga tana harba saƙo wajen sau 90 a sakan ɗaya ana zaune lafiya. Motsi ƙara wannan adadi yake yi ko ya rage shi. Ka riƙe wannan don amsa ta gaba a kansa ta tsaya.

Me ya sa in kunne ɗaya ya samu matsala sai in ga ɗaki na juyawa alhali ina zaune?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci. Ƙwaƙwalwa ba ta sauraron kunne ɗaya shi kaɗai, kwatanta na dama da na hagu take yi. In ka juya kai dama, saƙon dama ya ƙaru na hagu ya ragu, ita kuma ta fassara wannan bambancin da cewa an juya dama. In duka biyun daidai suke to ba motsi.

Yanzu ka ɗauka jijiyar hagu ta kumbura ta yi shiru, ta dama kuma tana nan tana aika nata na kullum. Me ƙwaƙwalwa za ta gani? Dama ya fi hagu, kenan ana juyawa dama, kuma juyin ba ya ƙarewa tunda bambancin bai gushe ba. Ba tunaninka ba ne, ba raki ba ne, ba kuma taɓin hankali ba, saƙon ƙarya ne ya shigo ta hanyar da ƙwaƙwalwa ta saba yarda da ita tun kana jariri. Ina jin zafin yadda ake ce wa masu wannan hali su daure kawai don ba a ga ciwo a jikinsu ba.

Me ya kawo ido cikin maganar? Likita idona ya yi ta kallo ba kunne ba.

Saƙon kunne yana sauka ne a tushen ƙwaƙwalwa da kuma ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, daga nan ya rabu, wani ya bi laka zuwa naman wuya da baya da ƙafafu don kar ka faɗi, wani ya je wajen da ke tada zuciya, wani kuma ya tafi kai tsaye ga naman da ke juya ido. Wannan na idon sauri gare shi na ban mamaki, kusan kashi 1 cikin 100 na sakan. Kai ya yi dama, ido ya yi hagu daidai gwargwado, sai abin da kake kallo ya tsaya cak.

Gwada yanzu. Riƙe wayarka ka girgiza kai da ɗan sauri kana karanta layin nan, za ka iya. Sai ka tsayar da kai ka girgiza wayar da irin wannan saurin, rubutun zai dagule. Na farko kunne ne ya taimaka, na biyu ido ne shi kaɗai. To in kunne na aiko da saƙon ƙarya, idon zai riƙa zamewa gefe a hankali yana fizgowa da sauri, ana kiran wannan nistagmus, kuma daga gefen da yake fizga da yanayin fizgar likita ke gane wane kunne ne, wane bututu ne, ko ma abin ba daga kunne yake ba.

In na yi ta juyi na tsaya, me ya sa sai a lokacin nake jin jirin?

In ka daɗe kana juyawa da gudu ɗaya ruwan yana kamo bututun, kufula ta koma mazauninta, cikin kamar sakan 20 zuwa 30 jin juyin ya dusashe. Da ka tsaya kwatsam ruwan bai tsaya ba, sai ya danna kufula ta ɗaya gefen, ka ji kana juyawa baya-baya har sai ya lafa. Lafiyayyen kunne ne ke yin haka. Masu rawa da 'yan wasan da ke yawan juyi ma kunnensu iri ɗaya ne da naka, ƙwaƙwalwarsu ce ta koyi rage wa wannan saƙo ƙarfi saboda maimaici.

Kunne kaɗai ne ke riƙe da daidaito?

A'a, su uku ne: kunne, ido, da jin da ke zuwa daga tafin ƙafa da gaɓoɓi da naman wuya. In ɗaya ya raunana sauran biyun suna rufa masa asiri, shi ya sa mai matsalar kunne zai yi tafiyarsa lafiya da rana a kan siminti amma cikin duhu, ko kan yashi, ko ya rufe ido yana wanke fuska, sai tangaɗi. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka fara mutuwa shi ma haka, ko da kunnensa garau ne.

Kenan duk jiri daga kunne yake?

Ko kusa. Maimakon ka ce wa likita jiri kawai, gaya masa abu uku: me kake ji takamaimai, minti nawa ko awa nawa yake ɗauka, kuma me ke tada shi. In ka miƙe tsaye ka ga duhu-duhu kamar za ka suma, ka zauna ya wuce, wannan ya fi kama da jini ne bai kai ƙwaƙwalwa da wuri ba, ko daga ƙarancin ruwa a jiki, ko ƙarancin jini, ko maganin hawan jini, ko zuciya. Saukar suga na kawo nasa da rawar jiki da gumi. Tsoro da fargaba ma suna sa kai ya yi fayau. Na kunne galibi motsi ne kake ji wanda babu shi, juyi ko karkata ko lilo, kuma motsa kai na ƙara shi.

Ni nawa sai na juya a gado ko na ɗaga kai sama yake zuwa, ya yi 'yan sakanni ya tafi. Menene wannan?

Wannan shi ne mafi yawa cikin jirin kunne, likitoci na taƙaita sunansa da BPPV. Duwatsun nan da muka yi maganarsu a amsar mota da lif, wasu ne ke ɓallewa daga yutirikil su faɗa cikin bututu, galibi bututun baya don shi ne ya fi gangarowa ƙasa. Bututu kuwa ba a yi shi don ya ji nauyi ba. Da ka kwanta ko ka juya, duwatsun su gangara su ja ruwa, kufula ta lanƙwasa, kunne ɗaya ya ce ana wuntsilawa ɗayan ya ce ba komai. Yakan ɗan jira sakan kaɗan kafin ya taso, ya yi ƙarfi, kuma yawanci bai kai minti ɗaya ba ya sauka da zarar duwatsun sun kwanta, ko da yake tashin zuciya da jin ba daidai ba na iya binka awanni.

Ya fi kama manya, mata sun fi maza, kuma yana biyo bayan buguwa a kai, ko doguwar kwanciyar jinya, ko kumburin jijiyar da za mu yi magana a ƙasa, sau da yawa kuma haka kawai. Ba ya taɓa ji. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura, za a juya kanka digiri 45 a kwantar da kai da sauri kan ya ɗan rataya, a kalli idonka. Margaret Dix da Charles Hallpike ne suka bayyana shi a Landan a 1952.

Ana warkewa? Na ga ana juya kan mutum a bidiyo, zan iya yi da kaina?

Ana warkewa sosai ma, kuma ba da ƙwaya ba. Dabarar ita ce a juya kai mataki-mataki har duwatsun su bi lanƙwasar bututun su fita su koma jakarsu. Wadda ta fi shahara ta John Epley ce, likita a Amurka, ya wallafa ta a 1992, kuma mafi yawan mutane zama ɗaya zuwa uku ya ishe su. Abin da ke damuna shi ne mutum ya yi wata da watanni yana shan maganin jiri yana tsoron kwanciya a gefe ɗaya alhali minti 10 a hannun wanda ya iya zai raba shi da abin. Ƙwaya ba ta ɗaga dutse daga bututu.

Karon farko dai ka bari wanda ya sani ya yi maka, saboda sai an tabbatar wane kunne ne kuma wane bututu, na kwance dabararsa daban ce, kuma mai ciwon wuya ko baya ko matsalar jijiyoyin jinin wuya sai an yi hattara. Yana iya dawowa bayan watanni ko shekaru, in an riga an koya maka naka to a lokacin kana iya yi a gida.

Nawa bai tsaya ba, kwana biyu ina amai ko motsi ba na iyawa. Shi ma duwatsun ne?

Da wuya. Hajijiyar da ta zo ta zauna dare da rana ko ba ka motsa ba ta fi kama da kumburin jijiyar daidaito ta gefe ɗaya, wanda ake dangantawa da ƙwayar bairos, shi ne ainihin misalin da na bayar a amsar kunne ɗaya. In ji ma ya ragu a wannan kunnen to kumburin ya shafi cikin kunnen gaba ɗaya. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu wuya, daga nan ya fara sauka, tangaɗin kuma ya ɗauki makonni. Amma fa kar ka yanke wa kanka wannan hukunci a gida, karanta amsa ta gaba.

Waɗanne alamomi ne ke nuna a tafi asibiti yanzu-yanzu?

Toshewar jijiyar jini a ƙaramar ƙwaƙwalwa ko tushen ƙwaƙwalwa, wato irin bugun da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, yana iya zuwa da hajijiya da amai sak irin na kunne. In jiri ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan kar a jira gari ya waye: ganin abu biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, haɗiya ta gagara, hannu ko ƙafa ya mutu ko ya yi sanyi, sabon ciwon kai mai tsanani ko ciwon wuya, kasa tsayuwa ko zama sai an riƙe ka, kurumcewar kunne farat ɗaya, suma, ciwon ƙirji.

Kuma ko babu ko ɗaya cikinsu, in mutum babba ne, ko yana da hawan jini, suga, ciwon zuciya, ko yana shan taba, sabuwar hajijiyar da ta ƙi tsayawa ta isa dalilin zuwa a ranar. Hoton siti sikan na farko yana iya fitowa lafiya alhali abin na nan, don bai cika ganin wannan yanki da wuri ba, shi ya sa gwajin ido a hannun ƙwararre yake da daraja sosai.

Ni kuma zuwa yake ya yi awanni ya tafi, sai bayan kwanaki ya dawo.

Abu biyu ake fara tunani. In yana zuwa da ƙara a kunne ɗaya, da jin kunnen ya cika, da ji mai raguwa yana dawowa, kuma yana ɗaukar daga minti 20 zuwa awa 12, ana duba cutar Meniere, wadda ake dangantawa da taruwar ruwan endolimf fiye da kima. Prosper Meniere ɗan Faransa ne ya nuna a 1861 cewa irin wannan daga kunne yake, lokacin ana ɗauka ciwon ƙwaƙwalwa ne. Gwajin ji dole ne a nan, kuma likitoci kan fara da shawarar rage gishiri.

Na biyun ya ma fi yawa amma an fi mantawa da shi, ciwon ɓarin kai mai zuwa da jiri. Yana iya yin mintuna ko har kwana 3, haske da hayaniya su dame ka, wani lokaci ma kan ba ya ciwo sam. Rashin barci da tsallake abinci da damuwa da lokacin al'ada na tada shi.

Me ke kawo amai a mota ko jirgin ruwa?

Saɓani tsakanin ido da kunne. Kana kallon waya a kujerar baya, ido ya ce ba motsi, kunne ya ce ana kwana ana birki ana faɗawa rami. Hujjar cewa kunne ne tushen abin, mutanen da ɓangaren daidaitonsu ya mutu duka biyu kusan ba sa yin wannan aman. Direba ma bai cika yi ba don ƙwaƙwalwarsa ta san motsin kafin ya zo. Zauna gaba, kalli nesa, jingina kai kar ya yi ta lilo, ajiye wayar, in za ka sha magani ka sha kafin a tashi.

Akwai magungunan da ke lalata wannan sashe? Giya fa?

Akwai, kuma wannan ya kamata kowa ya sani. Allurar jentamaisin da sitireftomaisin da danginsu suna iya kashe ƙwayoyin gashin nan, musamman in an daɗe ana yi ko ƙoda ba ta aiki sosai. Tunda kunne biyun suke taɓawa daidai wa daida, babu bambancin da zai kawo juyi, sai dai mutum ya tashi daga jinya ya ga in yana tafiya komai na tsalle a idonsa, ba ya iya karanta allo ko gane fuska sai ya tsaya, cikin duhu kuma ba ya iya tafiya. Aikin idon nan da ka gwada da waya ne ya tafi. Magunguna ne masu ceton rai in an buƙace su, amma ba na yi wa kai ba ne, kuma in kana kansu ka fara jin haka ka faɗa a ranar.

Giya kuma tana shiga kufula kafin ta shiga ruwan da ke kewaye da ita, sai kufula ta fi ruwan rashin nauyi ta fara tasowa, bututun ya koma jin kwanciya a matsayin juyi, shi ya sa gado ke juyawa da mashayi. Bayan awanni ta riga barin kufula, abin ya juye ɗaya gefen.

Wane irin gwaji ake yi, kuma me ya sa na ji jiri da aka wanke min kunne?

Ruwan da ya fi jiki sanyi ko zafi in ya shiga kunne yana canja zafin bututun da ke kusa, ruwan ciki ya motsa, kunne ɗaya ya ce ana juyi. Shi ya sa ake wanke kunne da ruwa mai ɗumin jiki. Robert Barany a Biyana ta Ostiriya ya lura da haka wajen marasa lafiyarsa ya mayar da shi gwaji, aikin da ya ba shi kyautar Nobel ta 1914, labarin ma ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Har yau ana yi, da ruwa mai digiri 30 da mai 44, kunne ɗaya bayan ɗaya, a kwatanta. Ba daɗi amma mintuna ne.

Akwai kuma na fizgar kai, wanda Halmagyi da Curthoys suka bayyana a Ostireliya a 1988: ka kafa ido a hancin likita ya fizga kanka kaɗan gefe, in idon ya tafi da kan sannan ya dawo to wannan gefen ya raunana. Sai gwajin ji, da hoton MRI in ji na raguwa a kunne ɗaya kawai, don a tabbatar ba wani ƙari ba ne a kan jijiyar.

In ƙwayoyin gashin cikin kunne sun mutu suna dawowa? Kwanciya zan yi ta yi har in warke?

Tsuntsaye da kifi suna sake fitar da sababbi, mu mutane kusan babu. Amma ƙwaƙwalwa tana gyara lissafinta, ta koyi cewa wannan bambancin na dama da hagu shi ne sabon sifili, ta ƙara dogara da ido da ƙafa. Sai dai ba ta koyo a kwance. Sai ka motsa, ta ga kuskure, ta gyara, ka sake motsawa. Tun shekarun 1940 Cawthorne da Cooksey a Ingila suka tsara atisayen kai da ido saboda wannan, kuma har yau a kansa ake gini: kafa ido kan harafi ɗaya kana girgiza kai, tafiya kana waiwaye, tsayuwa ƙafa a haɗe kusa da bango. Zai ɗan tada jirin, haka ake so, matuƙar yana sauka bayan 'yan mintuna.

Magungunan kwantar da jiri irin su Stugeron da Stemetil na kwanakin farko ne lokacin amai, kamar kwana 3, in aka zarce suna danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke buƙata don ta koya, sai warkewa ta ja. Wasu kuma kunnen ya warke amma tsoron faɗuwa ya sa jiki ya ƙage, suna jin lilo kullum musamman cikin cunkoso ko gaban sikirin, wannan ma sananne ne kuma ana maganinsa da atisayen da kula da fargabar tare, likitan gashin ƙashi da motsa jiki wanda ya san harkar daidaito shi ake nema.

Mahaifiyata ta tsufa tana yawan tangaɗi, tsufa ne kawai?

Gaskiya ne ƙwayoyin gashin na raguwa da shekaru, ido da jin ƙafa ma haka, amma kar a tsaya a nan. Tsofaffi da yawa suna da duwatsun nan a bututu ba tare da sun ce ɗaki na juyawa ba, tangaɗi kawai za a gani da tsoron kwanciya, don haka a roƙi likita ya yi mata gwajin kwantarwar da na bayyana a amsar juyi a gado. A kai masa duk magungunan da take sha a leda ɗaya ya duba, musamman na barci da na hawan jini, a auna jininta a kwance da kuma a tsaye, a duba idonta ko akwai yana. A gida kuma a bar fitila a hanyar banɗaki da dare, a ɗauke abin da ke zamewa a ƙasa, ta riƙa zama bakin gado na ɗan lokaci kafin ta miƙe, kuma a riƙa fita da ita tafiya kullum da wani a gefenta maimakon a ce ta zauna kar ta faɗi.